Hukuncin Joji Daga Teburin Akawu Ya Ke Farawa

Kowane mako, a Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran manyan garuruwan ƙasar nan, alƙalan Babbar Kotu su kan zauna su yanke hukunci a kan rigingimun da ba su shafi sata ko kisan kai ba: rigimar bashi, da ta fili, da ta kwangila, da ta ɗalibin da ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, da ta mutumin da ya ce wata hukuma ta danne masa haƙƙi. Jama'a ba su cika damuwa da irin waɗannan shari'u ba, domin babu ɗan sanda riƙe da ankwa, babu kuma ɓarawon da za a taru a kalla. Sai dai a ji an ce wane ya ka da Gwamnati a kotu, a yi ta mamaki kwana biyu, sa'an nan a manta. Mu kuwa a ganinmu babu shari'un da suka fi waɗannan shafar masu karanta wannan jarida, watau ma'aikatan ofis da malaman makaranta, da su kuma mu ke so mu yi magana yau.

Ga dalilinmu. In mutum ya zauna ya bi diddigin manyan shari'un da hukuma ta sha kaye a cikinsu, zai tarar sau da yawa garaje ne ya ka da ita. Ko dai ba a ji ta bakin mutum ba kafin a hukunta shi, ko wanda ya sa hannu ba shi ne doka ta ce ya sa ba, ko an rasa wata takarda wadda ya kamata a nema tun da fari. Joji ba ya nan sa'ad da abin ya auku. Abin da ya ke gani shi ne fayil, fayil kuwa akawu ke shirya shi, ko magatakardan kwamiti, ko hedimasta. Saboda haka hukuncin da a ke karantawa a kotu bayan shekara biyar, galibi an riga an rubuta rabinsa a kan teburin wani malami tun ran da ya ɗauki alƙalami.

Dattawan da suka yi aikin En'e sun san lokacin da talaka bai ma taɓa tunanin a kan yi ƙarar hukuma ba. Wa ya isa ya ja da Hakimi, balle Razdan? Dokar 1955 ce ta kafa Babbar Kotun Jihar Arewa, bayan tsarin mulki na 1954 ya ba kowace Jiha kotunanta, amma duk da haka yawancin rigingimun jama'a a gaban alƙalai da majalisun Sarakuna su ke ƙarewa. Tsakanin 1967 da 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e, a 1976 kuma aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi. Yau kowace jiha cikin 36 tana da Babbar Kotunta, Abuja na da tata, ga kuma Babbar Kotun Tarayya, wadda aka kafa a 1973 don shari'un kuɗin shiga na Gwamnati, aka sake mata suna a 1979. Sashe na 6 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ikon kotuna ya haɗa da rigima tsakanin mutum da mutum, da kuma rigima tsakanin mutum da Gwamnati ko wata hukuma. Watau ofishinka, malam, yana cikin waɗanda za a iya aika wa sammaci.

Wannan ƙa'ida ta girmi mulkin kai. A 1925 Gwamnatin Turawa ta tuɓe Eshugbayi Eleko, Sarkin Ikko, watau Legas, ta kai shi Oyo ta ajiye. Da magoya bayansa suka kai ƙara, alƙalan ƙasar nan na wancan zamani suka ce ba su da hannu a cikin abin da Gwamna ya zartar. Aka yi ta ja har Landan, gaban kwamitin shari'a na Majalisar Sarkin Ingila, wanda a lokacin shi ne maƙurar ɗaukaka ƙara. A 1931 kwamitin ya yanke cewa babu wani ma'aikacin mulki, ko da Gwamna ne, da zai taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa sai in zai iya tsayawa gaban kotu ya nuna dokar da ta ba shi ikon, kuma wajibi ne kotu ta bincika ko sharuɗɗan dokar sun cika. A cikin shekarar nan Gwamna Kamaru ya bar Eleko ya koma gida. To, in Gwamnan Turawa, da tutarsa da dakarunsa, an ce ya zo ya nuna dalili, ina ga sakataren ƙaramar hukuma?

Shari'ar da ta fi kusa da mu ita ce ta Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. A watan Janairu 1980, wata uku da ɗoriya bayan soja sun miƙa mulki, yana shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, sai ma'aikatan shige da fice suka zo gidansa a Maiduguri da takarda mai sa hannun Ministan Harkokin Cikin Gida, suka ɗauke shi, suka ƙetare iyaka da shi, suka ajiye shi a ƙasar Cadi. Hujjar Gwamnatin Tarayya ita ce shi baƙo ne, ba ɗan Nijeriya ba ne, zamansa kuma barazana ne ga lafiyar ƙasa. Ba a kira shi an tambaye shi ba, ba a ce ya kawo shaidun asalinsa ba. An rubuta, an sa hannu, an zartar, duk cikin hanzari.

Aka kai ƙara Babbar Kotu a Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Abin da kotu ta yi shi ne abin da ya kamata ofishin Minista ya yi tun farko, watau ta tambaya, ta saurari shaidu. Ta sami cewa ko da ya ke asalin mahaifinsa daga wajen Cadi ne, mahaifiyarsa 'yar ƙasar Borno ce, Tsarin Mulkin 1979 kuwa ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan, ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa na wata al'umma ta asalin Nijeriya, to, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ɗan ƙasa kuma ba a korarsa daga ƙasarsa, ba a hana shi shigowa. Kotu ta soke takardar korar, ta kuma yanke masa diyyar Naira 350,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage diyyar, amma ta tabbatar da ainihin hukuncin.

Ba mu kawo wannan don mu tono tsohuwar gabar siyasa ba, waɗanda suka yi ta yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da mu ke so a duba shi ne hannun da takardar nan ta bi kafin ta kai ga Minista. Wani ya rubuta rahoto, wani ya buga, wani ya sa a fayil ya miƙa sama. Da a cikinsu an sami mutum guda ya rubuta layi biyu a gefe, ya ce ranka ya daɗe, an tabbatar da asalin mahaifiyar mutumin nan kuwa, da wataƙila an huta. Mun sani ba abu ne mai sauƙi ƙaramin ma'aikaci ya yi wa na gaba da shi irin wannan tambaya ba. Amma ai saboda haka aka bar fili a cikin fayil don rubuta shawara. Wanda ya nuna wa maigidansa rami tun bai taka ba ya fi yi masa biyayya a kan wanda ya gani ya yi shiru. Kuɗin diyya kuma in an zo biya, daga baitulmali za su fito, watau daga harajin manomi da albashin malami.

Malaman makaranta su matso kusa, ga tasu. A watan Fabrairu 1983 ɗalibai suka yi bore a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone, aka wawashe kaya, aka ci mutuncin mutane. Babu mai hankalin da zai ce a bar wannan ya wuce haka nan. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta sa Mataimakin Shugaban Jami'a ya shugabance shi, alhali kuwa shi kansa yana cikin waɗanda aka yi wa ɓarna. Bayan bincike aka kori ɗalibai da dama. Waɗansu daga cikinsu suka kai ƙara, ita ce a ke kira shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. Babbar Kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin, sa'an nan a 1986 Kotun Ƙoli ta mai da shi yadda Babbar Kotu ta yanke.

A lura da kyau, Kotun Ƙoli ba ta ce yaran ba su yi laifi ba. Cewa ta yi ba a bi hanyar gano mai laifi ba. Ba a ba kowannensu cikakkiyar dama ya san abin da a ke tuhumarsa da shi da wanda ya ba da shaida a kansa, har ya kare kansa ba. Wanda aka yi wa ɓarna ya zauna a kujerar mai hukunci. Sa'an nan abubuwan da aka zarge su da su, irin su sa wuta da sata, manyan laifuffuka ne waɗanda Tsarin Mulki ya ce kotu ce za ta yi shari'arsu. Wannan batu na ƙarshe ya ta da hankalin shugabannin makarantu ƙwarai, har waɗansu suka ɗauka an ɗaure musu hannu ke nan. Daga baya, a wata shari'a ta Jami'ar Kalaba a 2004, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa makaranta na da ikon dakatar da ɗalibi don kiyaye zaman lafiya da ladabi. Amma sharuɗɗan nan biyu na farko suna nan daram, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗaure su.

Mun taɓa jin wani tsohon hedimasta yana cewa wannan duk fi'ilin lauyoyi ne, a zamaninsu in yaro ya yi laifi sai a ba shi takarda ya kama hanyar garinsu. Muna girmama shi, amma ba mu yarda da shi ba. Alƙalan ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa sun san ba a yanke hukunci da jin bakin ɓangare guda, sun kuma san mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da ya ke da rabo a ciki. Abin da a ke nema ga makaranta bai taka kara ya karya ba. A gaya wa yaro laifinsa a rubuce. A ba shi lokaci ya amsa, ya kawo wanda zai shaide shi. Malamin da aka fasa wa taga ya zo ya ba da shaida, amma ya bar kujerar kwamiti ga wani. Magatakarda ya rubuta abin da kowa ya faɗa da kwanan wata, kowa ya sa hannu. In an yi haka, yaron da ya cancanci kora zai koru, kuma babu jojin da zai dawo da shi. In an ƙi, sai a wayi gari mai laifi ya dawo aji yana taƙama, malaman da suka yi gaskiya su ne da jin kunya.

Wannan kariya da ta rufe ɗalibi, ita ce ta rufe ma'aikaci. Wani babban lauya a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, Shitta-Bey, an yi masa ritayar dole ba tare da an bi ƙa'idodin aikin Gwamnati ba. Babbar Kotun Ikko ta ce ritayar ba ta da tushe, amma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta ƙi mai da shi. A 1981 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin tilasta wa Hukumar ta mai da shi bakin aikinsa, ta ce ƙa'idodin nan suna da ƙarfin doka, ma'aikacin da aka tabbatar a aiki kuma ba bara ne da za a sallama ran da aka ga dama ba. Duk akawun da ya kwana da sanin cewa ba za a kore shi da baki kawai ba, albarkacin irin wannan hukunci ya ke ci. Sai dai a sani, tun 2011 rigimar aiki da albashi da fansho ta koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, can a ke kai ta yanzu. Abin da mu ke roƙo shi ne wanda ya ke so a bi ƙa'ida a kansa, shi ma ya bi ta a kan wanda ke ƙarƙashinsa, ko masinja ne ko mai gadi.

A wajen ciniki ma takarda ce ke ka da mutane. Dokar Filaye ta 1978 ta ce mai riƙe da fili a birni ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar Gwamna. Wani attajiri a Ikko, Cif Ajilo, ya jinginar da gidansa ga bankin Savannah don wani kamfani ya sami rance. Da biya ya gagara, banki ya tashi sayar da gida, sai mai gida ya garzaya Babbar Kotu ya ce ai ba a nemi yardar Gwamna ba. Kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba, a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar. Mutane da yawa, har da masana shari'a, sun ga abin da ɗaci, wanda ya kamata ya nemo yardar shi ne ya ci ribar rashinta, kotuna kuma sun yi ta kai da kawowa a kan wannan batu daga baya. A 1995 Kotun Ƙoli ta sassauta, ta ce babu laifi a ƙulla yarjejeniya sa'an nan a nemi yardar, muddin an san cinikin bai kammala ba sai ta fito. Ko ta yaya aka duba, darasin ma'aikacin ofishin filaye a fili ya ke: takardar neman yarda da ta kwana wata shida a cikin durowarsa, tana iya zama sanadin rushewar cinikin da mutum ya zuba dukiyarsa duka a ciki.

Akwai kuma masifar kuskuren ƙofa. Wani ɗan kasuwa, Onuorah, ya yi cinikin gwangwanaye da kamfanin matatar mai ta Kaduna, suka saɓa a kan farashi, ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, tun da kamfanin na Gwamnatin Tarayya ne. Bayan an sha shekaru ana shari'a, a 2005 Kotun Ƙoli ta ce rigimar ciniki tsagwaronta ta Babbar Kotun jiha ce, ko da wa aka yi cinikin, saboda haka tun asali ba a nan ya kamata a shigar da ƙarar ba. Duk wahalar da aka sha ta bi ruwa. Wannan laifin lauyoyi ne da masu tsara doka, ba na akawu ba, amma ya kamata duk mai shirin ƙara ya tambayi lauyansa tun ran farko, ka tabbata wannan ce kotun?

To, a ce mutum ya bi ƙofar da ta dace, ya yi haƙuri, ya ci shari'a. Saura biyayya, a nan kuwa gizo ke saƙa. A 1985 Gwamnatin soja ta Jihar Legas tana rigima da Cif Odumegwu Ojukwu a kan wani gida a Ikoyi. Magana na gaban kotu, sai Gwamnati ta aika da mutum wajen 150 ɗauke da makamai suka fitar da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mai da shi, Gwamnati ta ƙi, ta wuce Kotun Ƙoli tana neman a dakatar da umarnin. A watan Fabrairu 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi biya mata bukata, ta ce wanda ya take umarnin kotu ba shi da bakin neman alfarma a wurinta, kuma Gwamnati ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta sa'ad da magana ke gaban alƙali. A zamanin soja fa aka faɗi wannan. Yau sashe na 287 na Tsarin Mulki ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum su zartar da hukuncin manyan kotuna a ko'ina cikin ƙasar. Hukumar da ba ta gamsu ba tana da hanya, ta ɗaukaka ƙara, ta roƙi a dakatar. Abin da ba ta da shi shi ne ta sa hukunci a fayil ta rufe, ta jira mai shi ya gaji ko ya mutu.

Akwai dokoki biyu tun na zamanin Turawa waɗanda mu ke ganin lokaci ya yi da Majalisa za ta sake dubawa. Ta farko ita ce dokar kare ma'aikatan hukuma, wadda asalinta ya koma 1916, jihohi da yawa kuma suna da irinta. Ta ce wanda zai yi ƙarar ma'aikacin hukuma a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, sai ya shigar cikin wata uku, in ya wuce ƙofa ta rufe. A 1998, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya ga mutum kaɗai ba, har ofisoshi da hukumomi ta rufe. Kotuna sun keɓe waɗansu abubuwa, kamar rigimar fili da ta kwangila, da inda ma'aikaci ya fita daga iyakar ikonsa ko ya yi da mugun nufi, amma ƙa'idar tana nan.

Ku dubi yadda wata ukun nan ke ƙarewa ga mutumin ƙauye. Bahaushe ba ya fara rigima da sammaci. Zai fara da kamun ƙafa, ya je wurin dagaci, ya nemi wani babba ya sa baki, ya sa a rubuta masa takardar koke ya kai ofis. A ce masa maigida ya tafi rangadi, ya dawo jibi. Ya dawo, a ce fayil na sama. Ya sake dawowa, a ce ana dubawa. Kafin ya fid da rai ya nemi lauya, wata huɗu sun shuɗe, lauyan Gwamnati kuwa ba zai ko taɓa gundarin maganar ba, lissafin kwanaki kawai zai yi wa joji. Ladabin mutum da haƙurinsa su ne suka cinye haƙƙinsa. Akawun da ya ke cewa dawo gobe, wataƙila a ransa bai ɗauki abin komai ba, amma ya sani kowace gobe tana cin wani abu daga cikin kwana casa'in na bawan Allah. In amsar a'a ce, a rubuta masa a'a da wuri, da dalili, ya san inda dare ya yi masa.

Ta biyu ita ce sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu, wanda ya ce ba za a kama kuɗin da ke hannun ma'aikacin hukuma don biyan wanda ya ci shari'a ba sai da yardar Babban Lauyan Gwamnati. An yi shi don kada a wayi gari an kwashe kuɗin albashi ko na magani, wannan kuwa dalili ne mai ƙarfi, ba mu raina shi ba. Amma a duba ta wajen ɗan kwangilar da ya gina aji shida da kuɗin rance, aka ƙi biyansa, ya ci shari'a, sa'an nan aka ce ya koma ya nemi izini wurin lauyan wanda ya kayar. Kotuna sun ɗan sassauta wannan a waɗansu wurare, duk da haka mutane da yawa na riƙe da hukunci a hannu, aljihu wayam. Abin da zai biyo baya sananne ne: ɗan kwangila na gaba zai ƙara farashi don tsoron jinkiri, ko ya rage siminti.

Ba mu ce kotuna ba su da nasu laifi ba. Shari'ar bashi da za ta shekara goma tsakanin Babbar Kotu da Kotun Ƙoli ta riga ta cuci mai gaskiya ko da ya ci. Ɗage zama ba dalili ya yi yawa. A watan Mayu 2024 jama'a sun ga Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jihar Kano sun ba da umarni masu karo da juna a kan rigimar sarauta, har Babban Jojin Ƙasa ya kira shugabannin kotunan biyu su yi bayani. Irin wannan shi ke ba mai son ƙin biyayya hujja, ya ce wanne zan bi? Alƙalai su ne za su gyara wannan, Majalisar Kula da Alƙalai ta Ƙasa kuma an kafa ta don haka. Amma gazawar joji ba ta zama lasin ga ofis ya yi abin da ya ga dama ba.

Ga abin da mu ke roƙon Gwamnatocin jihohi. Kowace shekara, sa'ad da a ke tsara kasafin kuɗi, a keɓe wani abu don biyan basussukan da kotu ta riga ta yanke, a biya su bi da bi bisa kwanan watan hukunci, ba bisa sanayya ba. Kowane ofis ya ajiye littafin koke, a buga wa takarda hatimin ranar da ta shigo, a ba mai ita shaidar karɓa, shugaban ofis kuma ya riƙa duba littafin da kansa duk ƙarshen wata. Wannan ba ya bukatar sabuwar doka, wasiƙa guda daga Shugaban Ma'aikata ta isa.

Babbar bukatarmu kuwa ta shafi harshe. Da Turanci a ke rubuta hukuncin manyan kotuna, Turancin ma na lauyoyi, a cikin littattafai masu tsada waɗanda ba sa zuwa ofishin ƙaramar hukuma, balle makarantar ƙauye. Wajen 1960, da aka kawo sabuwar dokar laifuffuka a Arewa, Gwamnati ba ta bar alƙalai da ma'aikatan kotu su yi ta lalube ba, ta riƙa kai su Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya ana koya musu. Abin da aka iya a wancan lokaci da ƙarancin ma'aikata, ba zai gagara yau ba. Ma'aikatar Shari'a ta kowace jiha ta sa lauyoyinta biyu ko uku su riƙa zaɓo hukunce-hukuncen da suka shafi aikin ofis da makaranta, su taƙaita kowanne a shafi biyu da Hausa mai sauƙi: me ya faru, ina aka yi kuskure, me ya kamata a yi. A aika wa sakatarorin ƙananan hukumomi da hedimastoci da kwalejojin horon malamai, a karanta a taron ma'aikata. In za a fara, muna ba da shawara a fara da shari'ar Garba, domin makarantu sun fi ofisoshi yawa, kuma ba a rasa kwamitin ladabtarwa yana zaune a wata makaranta cikin kowane mako.